HANGEN DALA BA SHIGA BIRNI BA NE: Tarihin Ludwig Leichhardt, Bajamushen Da Ya Ɓace A Dajin Ostareliya

Har gobe, baƙon da ya sauka birnin Sidni daga Turai yakan buɗe taswira ya ga Ostareliya tsibiri guda ce da ruwa ya kewaye, sai ya ɗauka cikin mako ɗaya zai zaga ta a mota. Ba ya farga sai an gaya masa cewa daga Sidni zuwa Perth da ke gaɓar yamma jirgin sama yana cin kimanin awa 5, jirgin ƙasa kuwa yana bin dogo mai tsawon kilomita 4,352, ya kwana uku ko fiye a hanya. Faɗin ƙasar ya kusa murabba'in kilomita miliyan 7.7, watau ta ninka Nijeriya sau 8 da ɗoriya, Jamus kuwa fiye da sau 20. Baƙon yau hasararsa ba ta wuce kuɗin tikiti da 'yan kwanakin hutu ba. Amma mutumin da za mu kawo wa masu karatu tarihinsa a yau ya yi irin wannan lissafi ne a zamanin da babu dogo babu hanyar mota, kuma da ransa da na abokan tafiyarsa ya biya.

An haifi Ludwig Leichhardt, wanda mutanen Ostareliya ke kira Laikat, ran 23 ga watan Oktoba, 1813, a wani ƙauye kusa da Trebatsch, kudu maso gabashin Barlin, cikin daular Furushiya. Ubansa manomi ne, kuma ma'aikacin gwamnati mai duba wuraren da ake haƙo wata baƙar ƙasa ta fadama da ake makamashi da ita. Daga 1831 zuwa 1836 ya yi karatu a jami'o'in Barlin da Göttingen. Da ilmin harsuna da falsafa ya fara, daga baya ya koma ga sanin tsirrai da dabbobi da duwatsu. Bai kammala da takardar digiri ba, ko da yake har ya ɓace Dakta ake ce masa.

Talaka ne, amma ya dace da aboki, wani Baturen Ingila mai suna William Nicholson, wanda ya ɗauki nauyinsa shekara da shekaru. Tare suka yi karatu a Landan da Faris, suka zaga Faransa da Italiya da Suwizalan suna duba duwatsu da itatuwa. Cikin wannan yawo lokacin da doka ta ɗora masa na shiga soja ya wuce bai koma gida ba, hukumar Furushiya ta sa sunansa cikin masu gudun soja. Nicholson ne ya biya masa kuɗin jirgin ruwa, ya sauka Sidni ran 14 ga watan Fabrairu, 1842, yana da shekara 28, ba shi da aiki, idonsa kuma ba ya gani da nisa sai da tabarau.

Shekara biyu ya yi yana koyon daji. Ya zaga kwarin kogin Hunter, sa'an nan ya hau doki shi kaɗai ya nufi arewa har Moreton Bay, inda birnin Brisbane yake. Wannan tafiya ta ƙara masa ƙarfin zuciya, amma a ganinmu ta yaudare shi, domin hanyar da ya bi akwai gidajen Turawa makiyaya jefi-jefi, inda baƙo zai sami ruwa da abinci da wanda zai nuna masa hanyar gobe.

A lokacin nan Ingilishi suna da wani ɗan sansanin soja can ƙuryar arewacin ƙasar, a Port Essington, wanda suka kafa a 1838. Masu dukiya na Sidni suna kwaɗayin a sami hanyar tudu zuwa can, don su kusanci kasuwannin Indiya da tsibiran Asiya, su kuma san ko akwai sabuwar makiyaya a tsakani. Gwamna George Gipps ya ƙi sakin kuɗin tafiyar sai ya ji daga Landan. Laikat bai jira ba. Ya bi 'yan kasuwa da makiyaya yana neman gudummawa, wannan ya ba da doki, wancan ya ba da sa, har ya haɗa ayari.

Ran 1 ga watan Oktoba, 1844, suka tashi daga Jimbour, gidan makiyaya na ƙarshe a filayen Darling Downs. Su 10 ne, da dawaki 17 da shanu 16. Guzurinsu laba 1,200 na fulawa, watau kimanin buhu 11 irin na yanzu, da laba 200 na sukari, da laba 80 na ganyen shayi. Kowane mutum yana da wando biyu, riga uku, da takalma ƙafa biyu. Duk an auna wannan ne bisa tafiyar wata 7, kuma shi da kansa ya amsa daga baya a littafinsa cewa dogon buri ne ya sa ya zaci wannan lokaci zai isa.

A nan ya kamata mu tsaya mu duba lissafin, don a nan ne asirin maganar yake. In aka miƙa zare a kan taswira daga Jimbour zuwa Port Essington, nisan bai fi kilomita 2,700 ba. In aka raba wannan da kwana 210, ana bukatar ayari ya ci kusan kilomita 13 a rana, abin da takarkari ba zai gaza ba. Hasali ma, da aka gama tafiyar aka yi ƙidaya, sai aka ga abin da suka riƙa ci kullum ya kai kimanin kilomita 11, har da ranakun da suka zauna wuri ɗaya. Ashe ba saurin ƙafa ya kuskure ba, tsawon hanyar ya kuskure. Taswirar da ke hannunsa, ta Arrowsmith, bakin teku kawai ta zana a wannan sashe, cikin ƙasar kuwa farar takarda ce. Farar takarda ba ta nuna dutsen da za a kewaye, ko kurmin da zai yayyage buhunan fulawa, ko kwana biyun da za a ɓata ana neman takarkaran da suka ɓalle da dare. Ba ta kuma nuna cewa mai tafiya da shanu bawan ruwa ne, inda kogi ya karkata nan zai karkata. Suka bi Dawson, suka bi Mackenzie, suka bi Burdekin, sa'an nan Lynd da Mitchell suka ja su can arewa cikin yankin Cape York, nesa da inda suka dosa. Ƙarshenta hanyar ta zama kusan mil 3,000, watau kilomita 4,800, kamar mutum ya taka daga Ikko zuwa Maiduguri sau uku.

Masu karatu za su tuna da wani Bajamushe na wannan zamani, Heinrich Barth, wanda kakanninmu suka sani da Abdulkarim, wanda ya shigo Kano a 1851. Shi ma ya yi tafiya mai nisan gaske, amma ya tarar da hanyar da fatake suka daɗe da aunawa: madugu ya san kwana nawa ne tsakanin wannan rijiya da waccan, ya san zangon da za a sauka. Laikat bai sami madugu ba. 'Yan asalin Ostareliya suna da hanyoyinsu na fatauci da maɓoyar ruwansu tun dubban shekaru, sai dai harsunansu ɗaruruwa ne, kowace al'umma da iyakar ƙasarta. Biyun da ke cikin ayarin, Harry Brown da Charley Fisher, mutanen kudu ne, arewa baƙuwa ce gare su. Duk da haka su ne masu bin sawun dabbobin da suka ɓace, su ne masu gano ruwa, su ne maharba, kuma ba don su ba da wuya a kai labari.

Wata guda da tashi aka ga abinci ba zai kai ba, mutum biyu suka juya, saura 8. Kafin tsakiyar 1845 fulawa da sukari sun ƙare. Sai su yanka sa, su yanyana naman su shanya a rana kamar masu kilishi, fatar kuma su dafa ta su ci kamar ganda. Suka ci manyan jemagu da guza da 'ya'yan itatuwan da suka ga mutanen ƙasar suna ci.

Daren 28 ga watan Yuni, 1845, kusa da gaɓar tekun Carpentaria, mutanen yankin suka auka wa zangonsu da masu. John Gilbert, masanin tsuntsaye, wanda ya fi kowa sanin daji cikin Turawan ayarin, ya mutu nan take. John Roper da James Calvert suka sami munanan raunuka, amma bayan kwana biyu aka ɗora su kan dawaki aka ci gaba, don zama wuri ɗaya ba shi yiwuwa. Masana tarihi da dama suna ganin wasu daga cikin ayarin ne suka fara tsokana, ta wajen taɓa matan mutanen. A watan Oktoba kuma dawaki suka nutse a kogin da ya sa wa suna Roper. Da ya rasa abin ɗaukar kaya, tilas ya rabu da kimanin busassun tsirrai 3,000 da ya shekara yana tarawa, alhali kuwa su ne ainihin abin da ya fito da shi daga Turai.

Can gab da ƙarshe suka fara haɗuwa da 'yan ƙasar da ke jefa musu kalmomin Ingilishi, suka san sansanin ya kusa. Waɗannan mutane ne suka yi musu jagora. Ran 17 ga watan Disamba, 1845, su 7 suka shiga Port Essington cikin tsumma, da sa guda ɗaya tak da ya rage, bayan wata 14 da rabi, watau ninki biyu na abin da aka ƙiyasta.

A Sidni an riga an fid da rai da su, har wani abokinsa ya tsara masa waƙar ta'aziyya an sa mata kiɗa. Da jirgi ya sauke shi ran 25 ga watan Maris, 1846, gari ya ruɗe. Gwamnati ta ba ayarin fam 1,000, jama'a suka tara fiye da fam 1,500. A 1847 aka buga littafin tafiyarsa a Landan, Ƙungiyar Masana Labarin Ƙasa ta Ingila ta ba shi lambar zinariya, irin wadda ta ba Barth a 1856, Sarkin Furushiya kuma ya yafe masa laifin gudun soja. Makiyaya suka bi sawunsa da tumaki da shanu suka mamaye filayen da ya bayyana, abin da ya zama masifa ga masu ƙasar, waɗanda aka kora daga ruwansu, aka kashe da yawa daga cikinsu. Sansanin da ya sha wannan wahala don ya isa kuwa, Ingilishi suka watsar da shi a 1849.

Mai hankali zai zaci wanda ya sha da ƙyar haka zai rage buri. Shi kuwa ƙarawa ya yi. Ya ƙudura zai ratsa ƙasar baki ɗaya daga gabas zuwa kogin Swan, inda Perth take. A watan Disamba, 1846, ya tashi, wannan karo da guzuri mai tafiya da ƙafarsa: ɗaruruwan awaki da tumaki, da shanu da alfadarai. Damina ta rutsa su, zazzaɓi ya kwantar da kusan kowa, dabbobi suka watse, 'yan ayari suka yi ta rigima da shi. Cikin wata 6 abin da suka ci bai wuce kilomita 800 ba, suka juyo. Waɗansu daga cikinsu suka yi ta ɓata masa suna, cewa ba ya iya riƙe mutane, kuma yana fifita cikinsa wajen rabon abinci. Da aka gano littafin da Gilbert ya riƙa rubuta abubuwan yau da kullum a ciki, a Ingila a 1938, sai wannan suka ta sake tashi, ko da yake masana na baya sun duba takardunsa sun yaba ingancin abin da ya rubuta game da duwatsu da tsirrai da koguna.

Bai daddara ba. Ya sake haɗa ayari na mutum 7, har da shi, biyu daga ciki 'yan asalin ƙasar, da dawaki 7, alfadarai 20, da shanu 50. A wannan karo ya yi wa nisan ƙasar ladabi, ya ce tafiyar za ta ci shekara biyu zuwa uku. Amma babu raƙumi ko ɗaya a ayarin, domin sai daga 1860 aka fara shigo da raƙuma da yawa Ostareliya, kuma Peter Warburton da ya ratsa hamadar yamma a 1873 da raƙuma ya yi, ya kuma cinye yawancinsu kafin ya fita. Ran 3 ga watan Afrilu, 1848, aka yi wa Laikat gani na ƙarshe a gidan wani makiyayi a Cogoon, kusa da inda garin Roma yake yanzu. Yana da shekara 34.

Saboda shi da bakinsa ya ɗebi shekara uku, ba a tashi nemansa da gaske ba sai 1852, sa'ad da aka aiki Hovenden Hely. Augustus Gregory ya bi a 1858, ya tarar da itace an sassaƙa masa harafin L kusa da kogin Barcoo. A 1865 matan Melbourne suka tara kuɗi aka sake tura ayari, John Forrest kuma ya nema daga yamma a 1869. Ba a sami gawa ba, ba a sami sirdi ko tukunya da za a rantse nasu ne ba. Mutum 7 da dabbobi 77 suka shige cikin ƙasar kamar an jefa allura a rijiya. Sunansa dai ya zauna a kan wata unguwa ta Sidni da wani kogi da wata babbar hanya, kuma marubucin nan Patrick White ya gina littafinsa Voss na 1957 a kan labarinsa.

Wajen 1900 wani makiyayi ɗan asalin ƙasar ya tsinci wata tsohuwar bindiga da wuta ta ci rabinta, a maƙale jikin wata bishiya 'yar'uwar kukarmu, wadda ita ma aka sassaƙa mata harafin L. Wurin yana kusa da rafin Sturt, tsakanin hamadar Tanami da Babbar Hamadar Rairayi, a cikin Ostareliya ta Yamma. A jikin bindigar akwai ɗan falankin tagulla mai ɗauke da sunan Ludwig Leichhardt da shekarar 1848. Falankin ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu fiye da shekara 100, sai a 2006 masana suka gwada ƙarfen da rubutun suka tabbatar na gaske ne, Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Kanbera ya saye shi. In dai shi ko wani daga cikin mutanensa ne ya kai bindigar wurin, to, sun ci kimanin kashi biyu cikin uku na hanyar kafin ƙarfinsu ya ƙare.