Hayim Waizman, Malamin da Ya Tatso Asiton daga Masara

Tun shekarata ta fari a wannan kwaleji nake ganin wata kwalba a ɗakin kimiyya, cike da wani ruwa garau mai ƙanshi, wanda ake kira asiton. Da shi muke ɗauraye kwalaben gwaji, gama yana narkar da maiƙo da fenti, yana gauraya da ruwa, kuma nan da nan yake bushewa, don a digiri 56 kaɗai yake tafasa. Malaminmu ba ya yarda a kunna wuta kusa da shi, saboda saurin kamawarsa. Ni dai ban ɗauke shi a bakin kome ba, sai da na karanta tarihin Hayim Waizman. Shi ne nake so in gutsura wa 'yan'uwana.

An haifi Waizman a 1874 a wani ƙauye wai shi Motol, cikin daular Rasha ta da. Bayahude ne, ubansa kuwa fataucin katako yake yi. A zamanin nan ba a cika barin Yahudawa su shiga jami'o'in Rasha ba, saboda haka ya tafi Jamus neman ilmin haɗa sinadarai, ya kuma sami digirin dakta a Siwizalan a 1899. A 1904 ya koma Ingila, ya kama koyarwa a Jami'ar Mancesta.

To, a can ne ya shiga binciken yadda za a yi roba ba da itacen roba ba. Aikin yana bukatar wani ruwa mai suna butanol. Bayan gwaje-gwaje masu yawa, sai ya dace da wasu ƙwayoyin halitta 'yan mitsi-mitsi, waɗanda ido ba ya gani. In an zuba su cikin kunun masara, sai su tsamama shi, kamar yadda ƙullu ke yi in ya kwana. Cikin kashi 10 na abin da ke fitowa, 6 butanol ne, 3 asiton, 1 kuwa barasa. Wato asiton ɗin ma ba shi ya fita nema ba.

Ana nan sai Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914. Ingila ta matsu da asiton ƙwarai, don da shi ake kwaɓa albarushin igwa. Da can daga itace ake samunsa, sai an gasa tulin itace kafin a tatsi ɗan kaɗan. A 1915 gwamnati ta karɓi dabarar Waizman, aka shiga yinsa a manyan tukwane. Da jiragen Jamus masu nutso suka hana masara isowa, a 1917 har 'yan makaranta aka sa su tsinto 'ya'yan wani itace a maimakonta, amma abin bai yi auki ba. A Kanada da Amurka, inda masara ke da yawa, nan aikin ya bunƙasa.

Wannan taimako ya ƙara masa shiga wurin manyan Ingila, yana kuwa cikin waɗanda suka matsa har aka yi Alkawarin Balfo a 1917, na kafa wa Yahudawa mazauni a Falasɗinu. Ya zama shugaban Isra'ila na farko a 1949, ya mutu a 1952. Rikicin da ya biyo bayan alkawarin nan, da raba ɗimbin Falasɗinawa da gidajensu a 1948, ba ɓoyayyu ba ne.

Yau galibi daga man fetur ake samun asiton, an bar masara. Amma duk sa'ad da na ɗauki kwalbar nan, nakan tuna ruwan da ke wanke mana kayan gwaji shi ne ya kwaɓa albarushi. Mu da za mu fita koyarwa, ya kamata mu koya wa yara bincike da haƙuri irin na mutumin nan, mu kuma saba musu da tambayar inda iliminsu zai kai jama'a.