Sarkin Katsina Muhammadu Dikko (1865-1944)

Dikko Basulluɓe ne, ɗan Durɓi Giɗaɗo, kuma gidansu ba su taɓa sarautar Katsina ba. Da Turawa suka iso a 1903 sai ya ba su hannu. Suka tuɓe Sarki Abubakar, suka tuɓe Yero, suka ɗora Dikko a 1906. Haka nan sarautar shekara kusan 100 ta kuɓuce wa Dallazawa. Kakanninmu na Rimaye da Kankiya duk a ƙarƙashinsa suka biya haraji.

Ya je Makka da Ingila a 1921. Mu dai abin da muka fi tunawa, a zamaninsa ne 'yan mishan na SIM suka karɓi jiyyar kutare a Babbar Ruga. Da ya rasu a 1944, ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi.