Rita Hayworth, tauraruwar da ciwon mantuwa ya kayar

A shekarar 1944, yaƙin duniya na biyu yana tsaka da cin rayuka, kamfanin Columbia na Amurka ya fitar da fim mai suna Cover Girl. Labarin ba wani mai nauyi ba ne: wata ƴar rawa a ƙaramin gidan rawa na Brooklyn ta fito a bangon mujalla, ta yi suna, sai ta shiga tsaka mai wuya tsakanin ɗaukaka da saurayinta, wanda Gene Kelly ya fito a matsayinsa. Ga waƙa, ga rawa, ga ban dariya, kuma mai launi ne. Yau mun waiwayi matar da ta ja ragamar fim ɗin.

Sunanta na yanka Margarita Carmen Cansino. An haife ta a Brooklyn ranar 17 ga Oktoba 1918. Babanta ɗan rawa ne daga Sifen, kuma tun tana yarinya ƙarama ya sa ta rawa tare da shi a gidajen dare na Tijuana, ƙasar Meziko. Da ta shiga Columbia sai aka ga ta yi kama da ƴan Sifen da yawa. Aka canza mata suna, aka rina gashinta ja, har gashin goshinta aka cire da lantarki don goshin ya ƙara faɗi. Muryar da ake ji tana waƙa a Cover Girl ma ba tata ba ce, ta wata mawaƙiya ce. Amma rawar kam tata ce, kuma a nan ba a yi mata gardama.

Hoton da mujallar Life ta ɗauke ta a 1941 ya bi sojojin Amurka har fagen daga. A 1946 kuma aka manna hotonta jikin bam ɗin nukiliya da aka gwada a tsibirin Bikini, abin da ya ɓata mata rai matuƙa.

Aure biyar ta yi, duka suka mutu. Cikin mazan akwai Orson Welles, da Yarima Ali Khan ɗan Aga Khan, wanda ta haifa wa ɗiya, Yasmin, a 1949.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne ƙarshenta. Ta fara manta kalmomin da za ta faɗa gaban kyamara, tana fushi babu dalili. Shekara da shekaru jaridu suna cewa giya ce. Sai a 1980 likitoci suka gano cutar Alzheimer ce, mai cinye tunanin mutum sannu a hankali. Mu ma nan mun san yadda ake saurin laƙa wa tsohon da ya ruɗe wani sunan daban, alhali ciwo ne.

Yasmin ce ta ɗauki jinyarta a birnin New York, ta kuma shiga tara kuɗin binciken cutar da sunan mahaifiyarta. Rita Hayworth ta rasu ranar 14 ga Mayu 1987, tana da shekara 68.