Fulgence Bienvenüe: injiniya mai hannu ɗaya da ya haƙa wa birnin Paris hanya a ƙarƙashin ƙasa

A watan Yulin 1899, lokacin da sojojin Faransa suka ci Damagaram bayan yaƙin Tirmini, wani Bafaranshe yana can yana haƙa rami a ƙarƙashin titunan Paris. Sunansa Fulgence Bienvenüe, wanda ake yi wa laƙabi da uban metro, wato jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa.

An haife shi ranar 27 ga Janairun 1852 a Uzel, wani ƙaramin gari a yankin Bretagne. Ya shiga makarantar Polytechnique a 1870, daga nan ya karanci aikin hanyoyi da gadoji, aka tura shi Alençon shimfiɗa layin dogo. A 1881 ya faɗa ƙarƙashin tarago a wurin aiki, aka yanke masa hannun hagu. Yana da shekara 29. Bai bar aikin ba. Da aka maido shi Paris, ya yi aikin janyo wa birnin ruwan sha.

An daɗe ana jayayya kan metro. Gwamnati da kamfanonin jirgin ƙasa suna son layin da zai haɗu da na sauran ƙasar, magabatan birnin kuwa suna son nasu na kansu. Birnin ne ya yi rinjaye: aka ƙuntata faɗin ramukan yadda manyan jirage ba za su iya shiga ba, aka kuma tsayar da layukan a ƙofofin gari. An zartar da doka ranar 30 ga Maris 1898, aka danƙa wa Bienvenüe aikin. Cikin ƙasa da shekara biyu da fara haƙa ya gama layin farko, aka buɗe shi ranar 19 ga Yulin 1900.

Ranar 10 ga Agustan 1903 gobara ta tashi a wani jirgi, hayaƙi ya cika rami, mutum 84 suka mutu, akasarinsu a tashar Couronnes. Wannan musiba ta sa aka raba wayoyin fitilun tashoshi da na jirage, aka fara maye taragon katako da na ƙarfe.

Babbar jarrabawarsa ita ce ratsa kogin Seine da layi na 4. Duk mai haƙa rijiya ya san ba a wasa da jiƙaƙƙen yashi. Sai aka ƙera manyan akwatunan ƙarfe aka nutsar da su, ma'aikata suna tona a ƙarƙashinsu cikin matsattsiyar iska mai hana ruwa shigowa. A Saint-Michel kuwa, inda wani layin dogo ya bi ta sama, daskarar da ƙasar aka yi ta zama kamar dutse kafin a haƙa. Jirage sun fara ratsawa a 1910.

Ya yi ritaya a 1932 yana da shekara 80. Har lokacin metro bai fita birni ba, alhali leburori da yawa a kewaye suke kwana, kamar yadda mutumin Gaffati ke sammakon shiga Zinder ya koma gida da yamma. Sai a 1934 layi na 9 ya isa Boulogne-Billancourt.

Bienvenüe ya rasu ranar 3 ga Agustan 1936, kwana biyu bayan matuƙin jirgin sama Louis Blériot, wanda labarin mutuwarsa ya mamaye jaridu. An binne shi a maƙabartar Père-Lachaise, kuma tashar Montparnasse-Bienvenüe tana ɗauke da sunansa.

Har yanzu ana cike giɓin da aka bar wa mazauna kewayen birnin. A Janairun 2025 aka buɗe tashar Villejuif-Gustave Roussy a kudancin Paris, kusa da babban asibitin masu ciwon daji. Zurfinta ya kusa mita 50.