Abdurrashid Ibrahim, Batataren Siberiya da Ya Yi Limanci a Tokiyo

A farkon shekarar 1909 wani malami mai shekara hamsin da ɗaya ya sauka daga jirgin ruwa a gaɓar Japan, ba dukiya a hannunsa, ba dangi a ƙasar. Sunansa Abdurrashid Ibrahim, Allah Ya jiƙansa. An haife shi a 1857 a Tara, wani ƙaramin gari a Siberiya, cikin Musulmin da ke ƙarƙashin mulkin sarkin Rasha. Ya yi karatu na shekaru a Madina, ya koma gida, har aka naɗa shi alƙali a majalisar addini ta Musulmin Rasha da ke Ufa. Bai daɗe ba ya ajiye muƙamin, domin ya ga majalisar ta zama igiyar da hukuma ke jan malamai da ita. Daga nan ya rungumi aikin jarida, yana cikin waɗanda suka shirya taron farko na Musulmin Rasha a 1905, wanda aka yi a cikin jirgin ruwa a Nizhni Nobgorod domin kauce wa 'yan sanda.

Me ya kai shi Japan? Yaƙi ne. A 1905 Japan ta karya Rasha a tudu da teku, kuma wannan labari ya girgiza duk ƙasar da Turawa ke mulka. Malam Abdurrashid ya so ya ga da idonsa mutanen da suka kayar da daular da ta danne danginsa. Watanni ya yi yana zaga makarantu da masana'antu da wuraren bautarsu, yana tambaya kan addinin Shinto da na Buda, yana zama da manyan ƙasar irin su Ito Hirobumi da Okuma Shigenobu. Tsabta da riƙon amana da kishin aiki da ya gani suka sa ya yanke cewa mutanen nan ɗabi'un Musulunci suke rayuwa da su, kalmar shahada kaɗai ta rage. Ya rubuta wannan a littafin tafiyarsa, Alem-i Islam, wanda aka fara bugawa a Istanbul a 1910. Duk wanda a cikinmu ya taɓa zama a ƙasar da jirgi ba ya makara ya san irin wannan tunani, ya kuma san yadda yake ruɗar zuciya.

A ganina nan ne lissafinsa ya kuskure. Masu riƙe da shi a Tokiyo, irin su Toyama Mitsuru, 'yan kishin faɗaɗa daular Japan ne, abin da ke gabansu shi ne samun abokai a cikin Musulmin Sin da Asiya ta Tsakiya. Shi yana neman daular da za ta tsaya wa Musulmi, su suna neman malamin da zai buɗe musu ƙofa. Ko Umar Yamaoka, Bajapane na farko da ya yi aikin Hajji, wanda ya raka shi Makka a ƙarshen 1909, mutum ne da ya yi wa sojan ƙasarsa aiki a yaƙin Rasha.

Yaƙi bai rabu da shi ba. Ya je Libiya lokacin da Italiya ta auka mata a 1911. A Yaƙin Duniya na Farko ya tafi Jamus yana wa'azi ga fursunonin yaƙi Tatar a sansanin Zosen kusa da Balin, yana kiransu su koma ɓangaren Daular Usmaniyya. Bayan faɗuwar daular ya yi zaman ƙauye a yankin Konya, kamar wanda zamani ya wuce.

A 1933, yana da shekara saba'in da shida, ya sake komawa Japan. Aka buɗe masallacin Tokiyo a Mayun 1938 da kuɗin attajirai da goyon bayan hukuma, a daidai lokacin da sojan Japan ke ɓarna a Sin, ƙasar da ita ma ke da miliyoyin Musulmi. Shi ya zama limami. Sahunsa galibi Tatar ne 'yan gudun hijira, domin Japanawa ba su shigo addinin tururuwa ba kamar yadda ya yi fata. Ba na shakkar ikhlasinsa, amma sunansa ya yi wa farfagandar yaƙi amfani, kuma mutum mai wayewarsa da wuya a ce bai gane ba.

Ya rasu a Agustan 1944, aka binne shi a maƙabartar Tama, shekara guda kafin Japan ta miƙa wuya. Masallacin katakon ya tsufa har aka rushe shi a 1986, aka buɗe sabon gini irin na Usmaniyya a wurin a 2000. A cikin masu zuwa ɗaukar Larabci a wurinsa akwai wani matashi, Toshihiko Izutsu, wanda a 1958 ya kammala fassara Alƙur'ani daga Larabci kai tsaye zuwa harshen Japan.