Theodor Boveri: Masanin da ya hango birkin ciwon daji a ƙwan halittar teku

An haifi Theodor Boveri a garin Bamberg na ƙasar Jamus a 1862, ya kuma zama farfesan ilimin dabbobi a Jami'ar Würzburg a 1893. Ya daɗe yana nazarin ƙwan wata halittar teku mai ƙaya kamar bushiya, a birnin Naples na Italiya.

A nan ya lura cewa idan ƙwayoyin maniyyi biyu suka shiga ƙwai ɗaya, kromozom, wato zaren da ke ɗauke da gadon halitta, ba sa rabuwa daidai, sai ɗan tayin ya lalace.

Daga wannan ya rubuta littafi a 1914, inda ya ce ciwon daji yana farawa ne daga ƙwayar halitta ɗaya da kromozom ɗinta suka hargitse. Ya kuma yi hasashen cewa akwai wani birki da ke hana ƙwayar yawan rabuwa. Likitocin zamanin ba su ba maganar muhimmanci ba. Ya rasu a 1915 yana da shekara 53, matarsa Marcella ta fassara littafin zuwa Turanci a 1929.

Sai a 1979 aka gano furotin p53, a 1986 kuma aka ware ƙwayar gadon RB. Dukansu birki ne. A mafi saurin yaɗuwa cikin kansar huhu, wadda ta fi kama masu shan taba, kusan kowane ƙari ya rasa su duka biyun.