Tarihin Michelangelo, mai zanen majami'ar Sistine

A duk lokacin da za a zaɓi sabon Paparoma, manyan limaman Katolika kan kulle kansu a majami'ar Sistine da ke fadar Vatican, kamar yadda suka yi a shekarar 2025.

Zane-zanen da suka mamaye rufin majami'ar da bangonta na gaba aikin mutum guda ne, wato Michelangelo Buonarroti, wanda ya ɗauki kansa masassaƙin dutse fiye da mai zane.

An haife shi ranar 6 ga watan Maris na 1475 a garin Caprese da ke ƙasar Italiya, ya kuma tashi a birnin Florence.

Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara shida. Yana da shekara 13 aka kai shi koyon sana'a wurin Domenico Ghirlandaio, wani fitaccen mai zanen bango, kafin attajirin nan mai mulkin Florence, Lorenzo de' Medici, ya ɗauke shi zuwa gidansa.

Kafin ya cika shekara 30, sunansa ya riga ya zagaye Italiya saboda mutum-mutumi biyu da ya sassaƙa da dutsen marmara, Pieta a 1499 da kuma na Dauda a 1504.

Shekara huɗu a ƙarƙashin rufi

A 1505 Paparoma Julius na Biyu ya kira shi birnin Rum domin ya sassaƙa masa kabari, amma suka samu saɓani kan kuɗi, har Michelangelo ya yi fushi ya koma gida.

Marubutan tarihinsa na farko sun ce a wannan tsakanin ne Sarkin Daular Usmaniyya, Bayezid na Biyu, ya gayyace shi ya gina gada a Istanbul, amma bai je ba.

Bayan sun sasanta, a 1508 Paparoman ya ɗora masa aikin zane rufin majami'ar Sistine, mai tsawon kusan mita 40 da faɗin mita 13. Ya karɓa ba da son ransa ba.

Aikin na da wuya, domin ana shafa launin ne a kan ɗanyen yaɓen farar ƙasa, ta yadda idan ya bushe launin zai zama ɓangaren bangon. Don haka kowace rana ana yaɓe iya wurin da mai zanen zai gama ne kafin yaɓen ya bushe.

Ya yi aikin a tsaye kan dandamalin katako, kansa a ɗage sama, har zuwa watan Oktoban 1512.

Ya zana surori sama da 300, da labarai tara daga Littafin Farawa, tun daga halittar duniya da Adamu da Hauwa'u har zuwa ruwan Ɗufana. A ciki har da surar da ya yi wa Ubangiji, abin da Musulunci da Yahudanci suka haramta, amma Cocin Katolika ta amince da shi a matsayin hanyar karantar da mabiya.

Ce-ce-ku-ce kan zanen Ranar Hisabi

Lokacin da ya koma majami'ar a 1536, al'amura sun sauya. Boren Martin Luther ya raba kan Kiristocin Turai, wasu Furotesta na farfasa hotunan majami'u suna cewa bautar gumaka ce, sannan sojojin Sarki Charles na Biyar sun wawashe birnin Rum a 1527.

Zanen Ranar Hisabi da ya kammala a 1541 ya nuna mutane tsirara ana tashinsu daga kaburbura, wasu ana ɗaukaka su, wasu ana jefa su wuta.

Malaman coci da dama sun yi tir da shi, suna ganin tsiraici bai dace da wurin ibada ba. An ruwaito cewa Michelangelo ya rama wa ɗaya daga cikinsu, Biagio da Cesena, ta hanyar zana fuskarsa a cikin 'yan wuta da kunnuwan jaki.

A 1563 babban taron limamai na Trent ya gindaya ƙa'idoji kan hotunan addini, kuma a farkon 1564 aka yanke shawarar suturta surorin. Abokinsa Daniele da Volterra ne ya soma zana musu tufafi a 1565.

Michelangelo bai ga hakan ba. Ya mutu a Rum ranar 18 ga watan Fabrairun 1564 yana da shekara 88, bayan ya shafe kusan shekara 17 yana jagorantar ginin majami'ar St Peter. An binne shi a Florence.

Tsakanin 1980 da 1994 ƙwararru sun wanke zane-zanen daga hayaƙin kyandir da ƙurar ƙarnoni, launukansu masu haske suka sake bayyana. Sun cire wasu tufafin da aka ƙara daga baya, amma suka bar na Volterra, domin su ma sun zama wani ɓangare na tarihin majami'ar.